Kilomita Saba'in Tsakanin Baki da Kunne

Ni ke tsaron dare a ɗakin nan na Damagaram,
tebur ɗaya, fitila ɗaya, oba-oba uku.
Ja ta 'yan kashe gobara ce,
baƙa ta jandarma,
fara ta likita, mai batirin da aka ɗaure da roba.
Kowace da ƙasar da ta ƙero ta,
kowace da zangon da take jin kira.
Suna kwana kafaɗa da kafaɗa
kamar maƙwabtan da rigimar katanga ta raba,
ko atishawa ɗaya ta yi, ɗayar ba ta ce mata komai.

Daren Talata ruwan Agusta ya sauko,
duwatsun Birni na sheƙi duk sa'ad da aka yi walƙiya.
Rezo ya ɗauke tun isha'i,
salula ta koma madubin aljihu.

Ɗaya saura kwata baƙa ta yi tari:
"Damagaram, kana ji na? Kiyari ne.
Kamiyon 'yan kasuwa ya kife kusa da Bande.
Mutum tara. Ɗaya jini ya ƙi tsayawa."

Na tashi ja, suka ce ga su nan,
amma hanya ta zama tafki.
Na tashi fara, ta amsa daga Magarya,
Barira ce, da direbanta Mutari.
Suka iso, suka tarar ƙorama ta haye kwalta,
tana tafe da kara da kaji da ƙyauren wani.
Su a kudu. Masu rauni a arewa.

Taku ɗari biyu ne tsakaninsu.
Kiyari na ganin fitilar motarta,
ita tana ganin tocilarsa na lilo,
amma ruwa ya cinye duk ihun da suka yi.
Sai maganarta ta yi kilomita saba'in ta zo kunnena,
in juya ta, in mayar da ita kilomita saba'in.

"Ka ce ya ɗaure sama da raunin."
Na ce ya ɗaure.
"Sama ko ƙasa?" in ji Kiyari.
Na koma fara. Na dawo baƙa.
Kowace dawowa sai kalma ta zube a hanya
kamar gero daga buhu mai huda,
jinin kuwa ba ya jiran tafinta.

Ban san wa ya ba ni dabarar ba.
Na kifa bakin fara a kan kunnen baƙa,
na danna, na riƙe numfashi.
Suka yi ƙara, irin ta ƙarfe kan ƙarfe,
na ɗan raba su da faɗin yatsa biyu,
sai ga muryar Barira ta ratsa, ba ni a ciki:
"Cire ɗamararka. Taƙi ɗaya sama da gwiwa.
Sa icce ka murɗa. Kar ka ji tausayin kukansa."
Na saki wannan, na danna wancan.
"Ya tsaya," in ji Kiyari. "Wallahi ya tsaya."

Haka na kwana, babban yatsa na hagu, babban yatsa na dama,
har ladanin Zango ya kira assalatu,
har ruwa ya janye ya bar motar ta haye.
Takwas suka ga rana.
Na taran wata tsohuwa ce mai tallar ƙuli-ƙuli,
ta cika tun ina kai da kawo,
kuma ba na son lissafa mintocin.

An yi taro, an sha lemo,
an ce na'urar da za ta haɗa su uku tana tafe.
Damina biyu ke nan.
Na yanko robar tayar keke,
na auna faɗin yatsa biyu da guntun katako,
na ajiye su a aljihun tebur, kusa da ashana.
Idan hadari ya haɗu a gabas
nakan fito da su tun magariba.